Cikin da Hajo Ta Kwantar

A Koki, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, babu matar da ba ta san Hajo ungozoma ba. Rabin 'ya'yan unguwar a hannunta suka faɗo, kuma ita ke haɗa wa mata magani. Kuskure ɗaya aka san ta da shi, shi ma da bakinta ta riƙa faɗa har ta rasu.

Yagana, matar Malam Babagana fatken kanwa, ta haura arba'in ba ta taɓa haihuwa ba. Ta zo wa Hajo da cewa jini ya ɗauke mata wata huɗu, ga wani zafi da ke taso mata daga ƙirji zuwa fuska, zufa har ta jiƙa zane. Hajo ta lalubi mararta, ba ta ji komai ba. Sai dai ta ga yadda Yagana ta zuba mata ido.

"Ciki ne ya kwanta," in ji Hajo. "Yakan yi shekaru kafin Allah ya tashe shi."

Da yake ta faɗa, dole ta bi da ƙa'ida: ta hana ta tsamiya da kanwa, wai kada ya zube. Shekara uku Yagana na fama da zafin nan, tana kaɗa zaren zanen goyo.

Sai irin zafin nan ya zo kan Hajo ita ma. Ta jiƙa tsamiya, ta rage yaji, ta riƙa watsa ruwan randa, ta ji dama-dama. Amma duk kurɓar da ta yi, Yagana take gani.

Wata hantsi ta ɗauki ƙwaryar jiƙon tsamiya ta shiga gidan Yagana.

"Yaya Hajo, ba ke kika hana ni ba?"

"Sha. Babu kowa a ciki, girma ne ya zo. Tun ranar farko na sani. Ki yafe mini."

Yagana ta daɗe tana kallon ƙwaryar, sannan ta shanye.

"Ni ma tun bara na gane. Malam ne ban san ta inda zan fara ba. Ragon suna ya saya tun wancan lokacin, ya hana a yanka ko da layya." Ta miƙo ƙwaryar. "Ke kika kwantar da cikin, ke za ki tashe shi. Malam yana zaure."

Hajo ta gyara lulluɓi ta fito. A bakin zauren ta tarar da ragon a ɗaure, ƙaho har ya murɗe, Malam Babagana na tsugune yana dama masa dusa. Ta yi sallama.