Neman Patron Ɗin Habu

Litinin: Damagaram zuwa Magariya

Ana kiran assalatu maigida ya sauke ni a tasha, jakata a kafaɗa, tablet ɗin aiki a ƙirji. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyarwa a wata ƙaramar jami'a mai zaman kanta, sashen sarrafa amfanin gona da kasuwancinsa, amma ban taɓa fita aiki da girman kai irin na ranar nan ba.

Dalili shi ne wata aplikasiyo, wato manhaja, da jami'armu ta saya bara. Duk wanda ya gama karatu, saƙo zai je salularsa: ka samu aiki? Ba mu lambar patron ɗinka, wato wanda ya ɗauke ka aiki. Sannan patron ma a tambaye shi abin da yake bukata ga ma'aikaci, da ko abin da muka koyar ya yi daidai. Amsoshin su taru a allon ordinatar direktan jami'a, wato kwamfutarsa. In karatu ya dace da aiki allo ya yi kore, in bai dace ba ya yi ja, sai a gyara tsarin karatun. Sashena ya fi kowane kore, har abokan aiki suna tsokanata da Madam Damina. Shi ya sa direkta ya aike ni Magariya in yi wa patron-patron ɗin nan godiya in ɗauki hotonsu, daga nan in wuce Dungas in karɓi takardun sababbin ɗalibai.

Motar ba ta cika ba sai da rana ta fito. A bariyar fita gari wani jandarma ya duba takardar aikina, ya dube ni.

"Madam, ashe ku ne masu raba wa yara diplom. Ƙanena na da biyu, yana gida yana watsa wa kaji tsaba."

"Bai yi namu ba ne," na ce masa, na karɓe takardata.

Muka wuce Dogo da Bande, damman hatsi jingine a gonaki, mata na tsigar gyaɗa. Kilomita wajen tasa'in ne, amma da tsaye-tsaye sai hantsi muka shiga Magariya. Na sauka gidan Inna Hajara, ƙanwar mahaifiyata. Ta ajiye mini waina da fura, tana mitar na rame, ni kuwa hankalina na kan lambobin da zan kira.

Na fara da patron ɗin Habu. Habu shi ne ɗalibin da na fi ji da shi, aikinsa na ƙarshe kan adana man gyaɗa har yau da shi nake ba da misali a aji. Allo ya ce yana aiki a wani kamfanin matsar mai. Na kira, wata murya ta ce patron ya yi tafiya hayin Najeriya, ta kashe. Lamba ta biyu a rufe. Ta uku aka ce in kira gobe. Ni kuwa ba a yi mini haka. Na yafa mayafi na ce ko ba patron zan ga ginin da idona.

Na tare kabu-kabu a bakin kasuwa. Mai moton ya naɗe fuska da rawani, na faɗa masa unguwa, ya gyaɗa kai. Muna cikin tafiya na sake danna lambar farko, sai na ji salula na kuka a aljihun mutumin da ke gabana. Na kashe, ta yi shiru. Na sake dannawa, ta sake kuka.

"Tsaya," na ce. "Kware fuskarka."

Laminu ne, ɗalibina da ya riga Habu fita da shekara guda. Ya tsaya kansa a ƙasa.

"Kai ne kamfanin?"

"Ni ne, Madam."

Rumfar bakin tasha

Ya kai ni rumfar da 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja. Cikin waɗanda na tarar, biyar tsofaffin ɗalibaina ne. Suna ganina suka miƙe tsaye kamar na shigo aji. Habu na cikinsu, ya yi baƙi, ƙafarsa da tabon ƙunar salansa. Aka goge mini benci da hula.

Ban san sa'ad da na fara faɗa ba. Na ce sun yi mini ƙarya, sun yi wa jami'a ƙarya, sun sa na taso takanas ina yi wa jandarma fankama. Suka bar ni na gaji, sannan Habu ya yi magana.

"Madam, saƙon da sunanki ya zo. Wa zai iya cewa malamarsa karatunta bai haifi komai ba? Sai muka ce mu rufa wa juna asiri. Laminu ya zama patron ɗina, ni na zama nasa."

"To tambayoyin da aka yi wa patron fa? Abin da yake bukata ga ma'aikaci?"

"Mu ina muka san abin da patron ke so? Ba mu taɓa samun ko ɗaya ba. Littattafanmu na aji muka buɗe, muka kwafe abin da kika koya mana."

Dariya ta kubce mini, irin wadda ba ta da daɗi, sai ga hawaye. Ashe shekara guda cur ni nake tambaya, ni nake ba kaina amsa, ta bakin yaran da ke jin kunyata. Laminu ya saya mini ruwan leda, na kasa sha.

Talata: Magariya

Na ce wa Habu ya kai ni inda ake matsar mai na gaskiya. Akwai wani Alhaji mai injuna uku a hanyar fita gari, Habu ya sha kai masa takardar neman aiki. Alhajin ya karɓe mu da mutunci cikin ƙamshin ƙuli-ƙuli. Na tambaye shi ko wata jami'a ta taɓa aiko masa da tambaya a salula. Ya ce shi Faransanci ba ya ji, saƙon da bai sani ba kuwa yaransa ke gogewa. Na ce to me yake bukata, mu koyar.

"Malama, wanda zai gyara inji in ya tsaya, shi nake nema, kuma daga hayi nake ɗauko shi. Sauran aikin ɗiyan 'yan'uwana ke yi. In na ɗauki mai diplom, me zan gaya wa yayata?"

Ban rubuta komai ba, don a tablet ɗin babu gurbin irin wannan amsa.

A hanyar komawa Habu ya tsai da moto gindin wata bishiyar bedi, ya ce yana da roƙo. Mahaifinsa, Malam Jibo, manomi ne mai ɗan kiwo a wani ƙauye kan hanyar Mallawa. Shanun huɗa biyu gare shi, ya sayar da guda Habu ya yi karatu. Har yau a saninsa Habu na aikin ofis a wani buro, don duk ƙarshen wata yakan je gida da riga a goge, da sukari da shayi. Yanzu ƙanwarsa Zuwaira ta gama lise, wato sakandare, tsohon ya ji ina zuwa Dungas karɓar takardu, ya rantse karatun yayanta za ta yi.

"Ɗayan san zai sayar, Madam. In ya tafi, da hannu zai yi noman baɗi, ga shi ya tsufa. Don Allah ki hana shi. Amma kada ki gaya masa dalili."

"Habu, ta yaya ake haka?"

"Ke ce Madam," ya ce.

Laraba: Dungas da ƙauyen su Habu

Jaka ɗaya da rabi na biya aka ba ni gaban wata mota mai buɗaɗɗen baya, buhunan wake da mutane a kanta. Hanyar jar ƙasa ce, ruwan damina ya zaizaye ta, sau biyu muna sauka maza su tura. A Dungas na zauna a wani aji na karɓi takardun yara. Kowane uba sai ya yi mini addu'a, ni kuwa ina amsawa kamar mai karɓar kayan sata. Zuwaira ba ta zo ba, an aiko cewa babanta na jirana a gida.

Na ɗauki moto, muka bi ta cikin yashi da karan dawa, sai la'asar muka isa. Duk hanya ina shirya maganar da zan yi: ta dakata shekara guda, ko ta nemi aikin jinya, sa dai ya tsaya a turkensa.

An share tsakar gida, an shimfiɗa sabuwar tabarma, an yanka zabi. Malam Jibo dogo ne siriri, ya taso da kansa ya tarye ni. Muna gaisawa idona ya kai bayan rumbu. Turaku biyu ne, igiya kwance a ƙasa, kashin shanu bai ko bushe ba.

"Baba, ina san?"

"Ya tafi ranar kasuwar da ta wuce," ya ce yana murmushi. "Ba a fafe gora ranar tafiya, Malama. Ban so ki zo ki tarar ba mu shirya ba."

Ashe na makara. Duk da haka na gwada. Na ce karatun jinya ma na da kyau ga ɗiya mace, na ce gaggawa ba ta da amfani, kuɗin in an riƙe ana iya mai da sa kafin damina.

"A'a. Hanyar da ta kai wa, ita za ta kai ƙanwa." Ya dube ni sosai. "Ko dai Habu bai yi abin kirki ba ne a wurinku?"

Uwar Habu ta tsai da daka. Maƙwabta biyu da suka shigo gaisuwa suka juyo. Kalma guda ta isa, kuma na san ta. Na dubi tsohon nan da hularsa ta zuwa masallacin Juma'a da ya sa domina.

"Ban taɓa samun ɗalibi kamar Habu ba, Baba."

"Alhamdu lillahi," ya ce. "To ga Zuwaira nan, amana."

Abin da na faɗa gaskiya ne, kuma ban taɓa jin ƙyamar bakina kamar ranar ba. Naman zabon ma tauna shi kawai na yi.

Alhamis: komawa

Da sassafe muka kamo hanya ni da Zuwaira da akwatinta na ƙarfe. A tashar Magariya na hango Habu daga nesa. Ya ga akwatin, ya ga ƙanwarsa, ya ja rawani ya juya moto.

Sai da muka wuce Bande yarinyar ta yi magana, idonta na kan taga.

"Madam, na san aikin da Yaya ke yi. Bana da na zo jarrabawa na gan shi da fasinja. Bai gan ni ba."

"Kin sani, kika yarda kika taho?"

"In na ƙi, sai Baba ya tambaye ni dalili."

Muka yi nisa. Can ta juyo.

"Amma yanzu da kika gani, za a canza abin da ake koyarwa ko?"

Na ce mata zan yi magana.

Na kuwa yi. Ko gida ban biya ba, da ƙurata na shiga buron direkta na zayyana masa komai. Ya saurara har ƙarshe, mutumin kirki ne, sannan ya juyo mini da allon. Ya ce tun ranar Talata majalisar jami'a ta zauna, ta ga kore, ta sabunta tsarin karatun sashena yadda yake har shekara huɗu, an ma buga shi a takardun talla. In ina da wata hujja in kawo ta daga bakin patron, ta cikin aplikasiyo. Na ce patron ɗin ai su ne yaran. Ya ce to su sake amsawa. Na kira Laminu a gabansa. Ya ce, "Madam, mu ba za mu iya ɓata miki suna ba."

Na isa gida bayan magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Inna Hajara da wainarta, da yaran da suka yi ta yawo da ni a Magariya suka ƙi karɓar ko dala. Godiyar Malam Jibo ce ban san inda zan ajiye ta ba.

An koma karatu makon jiya. Zuwaira na zaune a layin gaba, inda yayanta yake zama. Da tsofaffin littattafansa ta zo, ta ce Baba ya ce kada a yi asarar saya. Na fara darasin farko, na ga ba ta rubutu, sai bin layi take da yatsa. Na matsa na leƙa. Duk abin da nake faɗa yana nan da hannun Habu, kalma da kalma.