Sis da Dis a Ajin Mushe Iliyasu

Iliyasu ɗan Azarori ne, amma a wani ƙauye da ke bayan Garhanga ya tsufa, inda duwatsu suka fi itatuwa yawa. Shekara ashirin da bakwai yana koyar da ƴan aji uku a lakwal, wato makarantar boko. Dogo ne siriri, gefen hularsa kullum fari da alli, daidai inda yake sosa kai.

A can yara na rera jadawalin ninkawa da Faransanci kamar waƙar daka, de fuwa de kat, de fuwa turwa sis, baki na tafiya, hankali na gida. Iliyasu bai hana waƙar ba, hira ya ƙara mata. Kowace safiya kafin a buɗe littafi sai ya zauna a bakin tebur ya jefa tambaya guda. Ga tassa, ramukan da ake haƙa a fako don su tare ruwa, layi huɗu, kowane layi rami bakwai. Rami nawa ke nan? Amsa da Faransanci ake faɗinta, haka dokar aji take, bayani kuwa da Hausa. Bayanin shi ne abincinsa.

"Ƙaƙa kay yi?" yake tambayar kowa, har ƙauyen ya sa masa suna Mushe Ƙaƙa, don mushe ake kiran malamin lakwal a can, aro daga Faransanci.

Wani ya ce bakwai ya ninka, ya sake ninkawa. Wata ta ce biyar-biyar ta fara kwashewa, sannan ta koma kan biyu-biyun da suka rage. Shi kuwa sai ya lumshe ido yana saurare, kamar mai jin ruwan fari a kan rufin kwano.

Jin kunnensa na hagu ne ya fara tafiya, ba ciwo, ba sallama. Bayan damina biyu na dama ya bi shi. Likita a Tawa ya duba ya ce jijiya ce, ba ta dawowa. Iliyasu ya koma ƙauye bai gaya wa kowa ba, don ya san ranar da aka sani, ranar hirar safe za ta ƙare. Ya daina lumshe ido. Ya koyi karanta leɓe, ya kafa sabuwar doka: mai magana ya ɗaga kai ya dube shi. Yaran da aka rena da sunkuyar da kai gaban babba suka ga abin baƙo, amma suka bi.

Shekara guda ya yi yana tafiya a haka.

Wata Talata ya tambaya: "Awaki biyat, ƙaho nawa?"

Lawali, wani mai surutu da ke zama a bencin gaba, ya miƙe. "Mushe, in da ta gidanmu ciki, a rage guda. Ta karya shi wurin hwaɗa da jaki."

"Zamna, kai ma saura kaɗan ka hiddo naka."

Aji ya yi dariya, ya gan ta a haƙoransu. Sai ya nuna Fiddausiya, yarinyar da ta fi kowa iya zagaya lissafi ta hanyar da ba a zata ba. Ta dube shi ta ce, "Dis."

A kunne, dis goma ne, sis shida. A leɓe kuwa tagwaye ne. Iliyasu ya ga sis.

"A'a. Sake."

"Dis, mushe."

"Ke, Fiddausiya? Awaki biyat da ƙaho shidda? Karin kumallo na ba ki yi ba, ko barci kika?"

Kunya ta kama ta, ta yi abin da uwarta ta koya mata, ta sunkuyar da kai. Ta yi bayani mai tsawo da Hausa, ga ƙasa take yi wa. Shi ɗankwalinta kawai yake gani.

"In ba ki da ta cewa, zamna."

Babu wanda ya motsa. Ido arba'in da wani abu na kallonsa. Yarinyar ta ɗago, fuska jiƙe, ta dunƙule hannuwanta biyu ta haɗa su a gabansa, yadda mata ke nuna goma a kasuwa. Nan ya gane, su ma nan suka gane.

Ya ba ta haƙuri a gaban kowa. Amma washegari da ya jefa tambaya, hannu uku kawai suka tashi, ranar Alhamis babu ko ɗaya. Ba ƙiyayya ba ce. Tausayi ne, kowa na tsoron ya kunyata tsoho.

Yaƙubu, diraktan lakwal ɗin, wanda shi ma a ajin Iliyasu ya koyi ninkawa, ya same shi a inuwar ɗaki. Ya durƙusa ya tsaya daidai fuskarsa.

"Baba, iyaye sun yi magana. Ba mai son ka tahi. A koma ga ardawaz, ƙananan allunan nan, kowa shi rubuta amsa shi ɗaga, ka gani da ido."

"Amsa nika gani. Hanya hwa?"

"Hanya tana kansu, baba."

"Can na nika son shiga."

Yaƙubu ya tsura wa takalmansa ido.

Tun daga Litinin ɗin da ta biyo, haka ake yi. Iliyasu ya rubuta shida sau bakwai a tablo, babban allon bango, ya buga tebur, ƙananan alluna baƙaƙe su tashi sama. Arba'in da biyu, arba'in da biyu, wani talatin da shida. Bai san ta ina mai daidai ya bi ba, bai san inda mai kuskure ya ɓace ba. Ya sake buga tebur, a goge. Saura shekara biyu ya ajiye aiki.

A ƙarshen wata Yaƙubu ya leƙo, ya ga aji tsit, alluna a sama layi-layi. Ya matso yana murmushi ya fara cewa bai taɓa ganin aji mai natsuwa irin wannan ba. Iliyasu ya karanta rabin yabon a bakinsa, sannan ya juya fuska ga tablo, sauran bai same shi ba.