Yaya da Magen Matar Injiniya

Shekara ashirin da uku Yaya ta yi tana shara a asibitin dabbobi. Ita ce babbarmu, ni ce auta, ita kuma ta goye ni bayan rasuwar Innarmu, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba. Ta yi aure sau ɗaya, Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin ya rasu ya bar ta a ɗaki ɗaya a gidan haya. Da nawa auren ya mutu sai na kama ɗakin da ke jikin nata, na kafa keken ɗinkina a bakin ƙofa. Bango ɗaya ne tsakaninmu, ko tari ta yi ina ji.

Sunan aikin shara, amma sharar ita ce mafi sauƙi a cikinsa. Kafin kowa ya iso ta wanke keji goma sha biyu, ta kwashe kashi da amai, ta goge teburin ƙarfen da ake kwantar da dabbobi. Maganin wanke ƙasa ya cinye mata hannu, tafinta duk ya tsattsage, ko mai ta shafa ba ya ji. In dabba ta mutu, ita ke sa ta a buhu ta kai ramin da ke bayan gini a ƙone. In aka kawo wadda za a yi wa allurar ƙarshe, ita ke riƙewa. Ƙananan likitoci sun zo sun wuce a gabanta, wasu ma ita ta nuna musu yadda ake kama mage ba tare da ta yakushe mutum ba, amma ko ɗaya bai taɓa tambayarta me ta gani ba. "Baba, zo ki goge nan." Iyakar maganarsu da ita ke nan.

Wata Litinin da hantsi wata mata ta zo a babbar mota, direba na biye da ita riƙe da kwando. Matar wani injiniya ce, an san ta a asibitin. A cikin kwandon akwai tsohuwar mage mai ruwan toka, shekararta goma sha biyar, gashinta ya cukurkuɗe, ƙasusuwan bayanta a waje. Babban likita ya duba ya ce ciwon ƙoda ne, ba ya warkewa, amma in an kula da ita za ta iya kai shekara.

"Likita, ni ba ni da wannan lokacin," in ji matar. "Ta ɓata mini kafet, ta ɓata kujeru, falo duk zarni. Ta 'yata ce, ita kuma tana can waje wurin karatu. A yi mata allurar nan kowa ya huta."

Ta sa hannu a takarda ta fita, ko waiwaye ba ta yi ba.

Aka kira Yaya ta riƙe. Hannunta a jiƙe yake, daga wanki ta taso. Tana ɗora shi sai magen ta miƙo wuya ta hau lasar ruwan da ke tsakanin yatsunta, ƙishirwa ta ishe ta. Yaya ta riƙe dabbobin da ba ta san iyakarsu ba a kan teburin nan, ba ta taɓa buɗe baki ba, amma ranar sai ta ce, "Likita, ka ba ni ita mana."

Ya dube ta kamar tsintsiya ce ta yi magana. Daga baya ya buga wa matar waya a gaban Yaya, ta ce a yi yadda aka ga dama da ita, ita dai kada ta ƙara ganinta.

Da na ga Yaya ta shigo gida da kwando na ce, "Yaya, mutane suna kawo tsaraba, ke gawa kika kawo mana?"

"Auta, ara mini almakashinki," ta ce.

Da almakashina na yankan yadi ta aske cukurkuɗaɗɗen gashin, sai da na yi sati ina mita. Ta sa mata suna Madam, wai tunda daga gidan masu kafet ta fito.

Ban taɓa sanin jinyar mage aiki ba ce sai a kan Madam. Duk bayan kwana biyu sai an yi mata ƙarin ruwa. Yaya ta cire madubinta ta rataya ledar ruwan a ƙusar, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta ɗora magen a cinya, ta ɗaga fatar ƙeyarta ta soka allura, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa har ruwan ya shige. Abinci kuwa kifi ne ko kaza, a dafa babu gishiri, a dame da ruwan ɗumi. Ranar da ta ƙi ci, da sirinji ake ɗura mata ta gefen baki, kaɗan-kaɗan, in an yi gaggawa ta dawo da shi. Yaya ta yanke gefen wata tsohuwar roba ta zuba yashi, don Madam ba ta iya ɗaga ƙafa ta tsallaka. Ta jera kwali biyu a gindin gado ya zama mata matakala. Ta sa na ɗinka mata shimfiɗa uku da ƙyallayen da suka rage mini, ana wanke ɗaya, ɗaya na kan igiya, ɗaya na ƙarƙashinta.

Matan gidan suka sa wa Yaya Uwar Mage. In ta wuce sai ka ji wata ta ce, "Uwar Mage, ya mai jiki? A gaishe ta, ba mu samu shigowa dubiya ba." A kwashe da dariya. Ita ma takan ce, "Ta gode, ta ce ku zo da kaza." Dangi kuwa ba da wasa suka ɗauka ba, don ta daina kwana a gidan kowa. Da 'yata ta haihu, Yaya ta je da safe ta juyo kafin la'asar saboda ranar ƙarin ruwa ce. Wannan ya ɓata mini rai, na kuma gaya mata. Ta ce, "Jaririnku hannu goma ke jiran ɗaukarsa. Ita nawa gare ta?" Na kwana uku ba na shiga ɗakinta.

Shekarar da likita ya yanka ta cika ta wuce. Madam ta yi ɗan kumari, gashi ya fito, duk da idonta ɗaya ya rufe, haƙora ma saura kaɗan. Ta san takun Yaya tun daga bakin ƙofar gida. Ina kan keke sai in ji ta sauko daga kwali ɗaya zuwa ɗaya, in duba, sai ga Yaya ta shigo. Haka suka yi shekara biyu da wata huɗu.

Sai 'yar matar injiniya ta gama karatu ta dawo. Ashe duk tsawon lokacin nan uwar ce mata take yi magen tana hannun asibiti ana kula da ita. Yarinya ta ce sai ta gani. Ranar wata Asabar Likita ya kira Yaya a waya, ina zaune a gefenta ina ji.

"Baba, suna nan tafe wurinki. Maganar takardar nan kada ta fito. Mutanen nan sun daɗe suna kawo mana dabbobinsu, kin gane ai."

"Na gane, ranka ya daɗe."

Da azahar mota ta tsaya, yara da manya aka fito kallo. Yarinyar ta shigo da gudu, ta durƙusa ta ɗauki Madam tana kuka, tana kiranta da wani suna da ba mu sani ba. Kukan gaske take yi, ba zan yi mata ƙarya ba. Can ta ɗago ta dubi ɗakin, ta dubi robar yashi da ledar ruwa a jikin ƙusa, ta yamutsa fuska.

"Mama, a nan kuka ajiye ta?"

Uwar tana tsaye a bakin ƙofa ta rufe hanci da mayafi. Ta ce, "Ai ni na ba matar nan amanarta, an ce ta san aikin." Tana faɗa tana kallon Yaya cikin ido.

Na buɗe baki, Yaya ta taka mini ƙafa. Ta ce, "'Yata, da kin bar ta a nan, ki riƙa zuwa kina ganinta. Ta tsufa, ba ta gani sosai, ɗakin nan kaɗai ta sani yanzu."

"Haba Baba, gidansu fa za ta koma," in ji yarinyar.

Da Yaya ta ga babu makawa sai ta ce in ɗauko biro, don ita rubutu bai zauna mata ba. Ta faɗa ina rubutawa: ruwa duk bayan kwana biyu, a ɗumama ledar tukuna, abinci babu gishiri, kada a ɗora ta a wuri mai tudu, in ta ƙi ci kwana ɗaya kada a jira na biyu. Yarinyar ta karɓa ta ce, "Kada ki damu, muna da likita." Na ga sanda ta miƙa wa direba takardar, shi kuma ya cusa a aljihu. Yaya ta bi su da shimfiɗa ɗaya har bakin mota, uwar ta ce a bar ta, akwai sabuwa a gida.

Ranar Litinin Yaya ta tambayi Likita labari, ya ce lafiya lau. Ta ƙara tambaya ranar Alhamis, ya ce, "Baba, ba taki ba ce fa." Daga nan ba ta ƙara tambaya ba. A gida kuwa ta ci gaba da sayen kifi, sai ta iso ta tuna, ta miƙo mini ta ce in sa a miya.

Kwana goma sha ɗaya da tafiyar Madam, Yaya ta je aiki da sassafe ta tarar da buhu biyu a bayan ƙofa suna jiranta. Ɗaya kare ne. Ɗayan babu nauyi. Ba ta saba buɗewa ba, amma ranar ta buɗe. Madam ce. Tun jiya da yamma direba ya kawo ta bayan Yaya ta tashi. Yarinyar ta kasa soka allura, tausayi ya hana ta, aka yi ta cewa gobe za a kai ta asibiti, har ta daina ci, har ta daina tashi. Kowa a asibitin ya sani, babu wanda ya ɗaga waya ya gaya wa Yaya.

Ba ta kai ta rami ba. Ta naɗe ta a mayafinta ta ajiye a ɗakin tsintsiya, ta gama aikinta tsaf, ta wanke keji goma sha biyu, sannan ta taho da ita gida. Muka ari fartanya muka je bayan katanga inda babu gini. Ƙasar ta yi tauri, muka yi ta karɓa-karɓa har hannuna ya yi bororo. Ni da na ce gawa ta kawo mana, ni ce na yi kuka. Yaya ko ɗigo. Ta mayar da ƙasa, ta ɗora dutse saboda karnuka, ta ce, "Da ƙishirwa ta tafi, Auta. Na duba bakinta."

Bayan sati biyu yarinyar ta zo asibitin tana faɗa, wai a ƙazamin ɗaki aka lalata mata mage, shi ya sa ba ta yi ƙarko ba. Yaya tana goge ƙasa a bakin ofis tana jinsu. Ta ji Likita yana cewa, "Gaskiya ne, za mu duba lamarin, ki yi haƙuri."

Tun daga nan Yaya ta canja. Barkwancin da take mayar wa matan gida ya ɗauke, har suka daina tsokanarta da kansu. Wata maƙwabciya ta kawo mata ɗan mage don ta rage kewa, ta ce ta gode, a mayar. Na ce, "Yaya, ki faɗa wa yarinyar nan gaskiya ko zuciyarki ta yi sanyi." Ta ce, "In faɗa mata uwarta ta sa hannu a kashe mata mage? Sannan Madam ta tashi?"

Bayan wata uku yarinyar ta dawo da sabuwar mage, 'yar ƙarama fara tas, a yi mata rigakafi. Ta waiga ta ga mai shara, ba ta gane ta ba sam.

"Baba, don Allah ɗan riƙe mini ita, ni ba na iya kallon allura."

Yaya ta jingine tsintsiya, ta goge hannu a zani, ta riƙe har aka gama, ta miƙa mata. A ƙarshen watan ta ajiye aiki. Likita ya ce ba za su sami kamarta ba, kafin sati ya zagayo sun ɗauki wata.

Yanzu ƙafa ta kama ta, yawanci tana zaune a gefen kekena tana tsefe mini zare ko tana ɗinka maɓalli. Kwanaki wani mutum ya yi sallama, wai an ce masa akwai matar da ta san jinyar mage a gidan nan, tasa ta tsufa ta daina ci. Yaya ta tambaye shi shekarunta, da yadda fitsarinta yake, ta gaya masa abin da zai yi dalla-dalla, ta sa ya maimaita sau biyu. Ya ce ko ya kawo ta ta riƙe masa na ɗan lokaci.

"A'a," ta ce. "Taka ce. Je ka riƙe abarka."