Rumfar 'ya'yan masu shiƙar gyaɗa

Shekarar da na haifi ɗiyata ta fari, da aka kai hatsi rumbu, ni da mai gidana muka bar Bande muka tafi Magarya cin rani. Lokacin gyaɗa na da daraja a ƙasarmu, babban farin nan bai zo ba tukuna. Wani attajiri na da magaza, wato babban ɗakin ajiyar kaya, a bakin gari, shi ke sayen gyaɗar ƙauyuka. Maza na dakon buhuna zuwa kamiyo, babbar motar kaya, mu mata muna shiƙa, muna tsince tsakuwa da ɓawo kafin a ɗura a buhu.

Har yau in na ji ƙamshin ɗanyar gyaɗa sai filin nan na gaban magaza ya faɗo mini a rai. Muna zaune a jere, kowa da faifanta, jarirai a baya, masu rarrafe a kan tabarma kusa da ƙafafunmu. Ana waƙa, ana zolayar amare, ƙwaryar fura na zagayawa. Babbarmu wata dattijuwa ce 'yar Kwaya, doguwa, marar yawan magana, kowa Inna yake ce mata. Ita ta koya mini juya faifai yadda kafaɗa ba za ta yi tsami ba.

Wata rana da hantsi kamiyo na ja da baya, sai ɗan wata maƙwabciyata ya rarrafa har gindin taya. Allah ya sa wani ɗan dako ya gani, ya yar da buhunsa ya fizge yaron. Ko ƙwarzane bai yi ba, amma jikin kowa ya yi sanyi.

Mai kula da aikin matashi ne ɗan boko daga Damagaram, muna ce masa Mushe, yadda ake kiran 'yan boko da Faransanci. Washegari ya tsaya a gabanmu ya ce, "Daga yau kada wadda ta sake zuwa da yaro. Mai goyo ta bar shi gida, ko ta bar aikin."

Gida wane? Yawancinmu baƙi ne, a ɗakin aro muke kwana, iyayenmu na can ƙauye. Ɗiyata ko zama ba ta fara ba. Na ji hawaye na zubo mini, na fara naɗe tabarmata.

"'Yar nan, ina za ki?" in ji Inna. "Zauna."

Ta kife faifanta a kan gyaɗa ta harɗe ƙafa. Muka dubi juna, sai kowa ta kife nata, har waɗanda ba su da goyo. Ba mu yi ihu ba, ba mu zagi kowa ba. Zama kawai muka yi, yara na tsotso.

Kafin azahar buhunan da aka cika suka ƙare. Mushe ya ce wa maza su ɗura gyaɗar haka nan da dattinta. Mai gidana, wanda ko a gida ba ya ɗaga murya, ya ce, "Mushe, ka yi haƙuri. Ɗiyata na cikin waɗanda ka kora." Ya je ya zauna a inuwar kamiyo, sauran suka bi shi.

Da yamma na ce masa ina tsoron a sallame mu duka. Ya ce shi ma yana tsoro, amma in an sallame mu ai mun san hanyar Bande.

Da gari ya waye muka koma muka sake zama. Can Mushe ya zo ya durƙusa kusa da Inna, idonsa ja. Ya ce, "Inna, wallahi tun ranar nan ban yi barcin kirki ba. In mota ta taka yaro, me zan ce wa uwarsa?"

"Gaskiyarka, ɗana," in ji ta. "Amma yaron da aka raba da nono fa, me za ka ce wa tasa uwar? Ka ba mu wuri nesa da motoci. Ka ɗauki tsohuwa guda ta zauna da su, a biya ta kamar kowa. In yaro ya yi kuka uwarsa ta tashi ta ba shi, kada a ce ta gudu daga aiki."

Ya tafi wajen attajirin ya daɗe. Da ya dawo sai ya ce an yarda da rumfa da shayarwa, amma tsohuwar rabin lada za a ba ta. Inna ta ce to, a fara da haka.

Maza suka kafa rumfar a bayan magaza da zana da karan dawa. A nan ɗiyata ta koyi zama, a nan ta yi haƙorin fari, a cinyar wata tsohuwa Bafillatana da ke yi musu wasa da Fillanci.

Mun koma rani biyu bayan wannan. Daga nan ruwa ya ɗauke, gyaɗa ta lalace, aka rufe magazar, kowa ya kama gabansa. Labarin rasuwar Inna a kasuwar Waca na ji shi, daga bakin wata da muka yi shiƙa tare. Muka tsaya a gefen masu sayar da wake muka yi mata addu'a, sannan muka shiga tambayar juna 'ya'ya.