Faɗuwar Bitrus a fim ɗin tsohon makashi

Shekara bakwai ke nan da muka binne Bitrus a nan Kuala Lumpur, nesa da Jos inda aka yanke cibiyarsa. Abokina ne, ɗaki ɗaya muka zauna a Cheras tun muna ɗalibai. Ni har furfura ta fara leƙo ni. Shi kuwa yana nan yadda yake, cikin baƙar kwat, a wani fim na harbe-harbe.

Yadda aka yi, masu shirya fim ne suka zo neman dogayen baƙaƙe da za su yi yaran mugu. Bitrus kuwa Allah ya ba shi tsawo, ya hana shi kunya. Labarin na wani tsoho ne da a da kisa ne sana'arsa, ya tuba ya binne bindiga, sai aka kashe masa mata, ya tono abarsa ya bi waɗanda suka kashe ta ɗaya bayan ɗaya. Aikin Bitrus shi ne ya tsare ƙofa, ya ce "Tsaya nan!", a harbe shi ya faɗi. Shi ke nan fa! Amma ya hana mu sakat, kullum yana gwajin faɗuwa a kan katifata, har maƙwabcinmu na ƙasa ya hawo da faɗa. Ranar ɗauka ni na raka shi. Aka yi ta kashe shi ana sakewa, har mai ba da umarni ya ce ya yi.

Kafin fim ɗin ya fito, wata mota ta buge shi a kan babur da rana tsaka, yana dawowa daga mamak, gidan abincin da muke zuwa, da abincinmu a leda. Direban bai tsaya ba. Babu lamba, babu wanda ya ga fuskarsa. Gawar ma ba ta koma gida ba, mu 'yan coci muka sa shi a ƙasar mutane, mahaifiyarsa Mama Saratu tana kuka ta waya.

An ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. To, sai ka san wanda ya yi maka gayyar. Tsohon nan na fim ya san sunan kowa, ya san gidan kowa. Ni na yi watanni ina tsayawa a mahaɗar hanyar da aka buge shi ina kallon motoci kamar wawa. Wa zan kama? Ko na kama shi, me zan yi masa, ni da ko kaza ban iya yankawa ba? Wallahi na yi ƙyashin tsohon nan.

Ina tunanin abin da Bitrus zai ce da ya ga yau, yadda sababbin ɗalibai a Taman Melati suke tura wa juna ɗan guntun faɗuwarsa a waya suna dariya, ba su san ya rasu ba. Na san shi, shi zai fi kowa dariya. Zai ce, da irin maganar mutanen garin nan, "Ka gani lah, katifarka ba ta mutu a banza ba."

Abin da ba zai yi wa dariya ba shi ne Mama. Ƙanwarsa ce ta nuna mata fim ɗin, don shi kaɗai ne inda ake ganinsa yana motsi, ana jin muryarsa. Na roƙi Mama ta bari a yanke mata wurin harbin. Ta ƙi. Ta ce waccan mutuwar labarinta ta ji, wannan kuwa ta gani, gani kuma ya kori ji. Duk Lahadi bayan sujada sai ta kalli ɗanta ya faɗi, ni kuma ba ni da yadda zan yi.

Abin da ya rage mana na Bitrus ke nan: kalma biyu da faɗuwa ɗaya, sai wani abu da kyamara ba ta ɗauka ba, wanda ni kaɗai na gani. Shi Mama take kirana a kansa duk shekara. Jiya ma ta kira.

"Ɗana, da suka gama ɗauka, ya tashi ko?"

"Ya tashi, Mama. Ya karkaɗe wandonsa, ya ce yunwa yake ji."

Sai ta ce:

"To, sake faɗa mini wannan wurin."