Yadda Hodi Ya Kayar da Injin Babana

Hodi yayan mijina ne, kuma duk wanda ya girma a Argungu ya san shi tun yana ɗan kokawa. Gajere ne, wuyansa kamar turmi. Da gwiwa ta ƙi shi, bai koma fadama ba kamar 'yan'uwansa. Sai ya sayo sifanu a Birnin Kebbi, ya kafa rumfa a bakin hanyar Augie, ya ce shi bakanike ne. Ba wanda ya koya masa. Iliminsa guda ne tak: duk abin da ya ƙi gyaruwa, matsa ce ba ta ishe shi ba.

Ni kuwa injin casar shinkafa na gada wurin babana. Tsohon inji ne mai shan gas, ya girme ni, irinsa sun ƙare a garin, kayan gyaransa ma sai an sha yawo. Da shi nake ci. Matan unguwa masu turara shinkafa ni suke kawo wa.

Bayan girbin bara sai ya fara hura hayaƙi ta gefen kai, ruwa na tsattsafowa. Gasket ne ya ƙone, shimfiɗar nan da ke tsakanin kan inji da jikinsa. Na tafi Birnin Kebbi da ƙafata na samo sabo, na haɗo da washa baƙaƙe masu kauri, na ƙarfe mai tauri, irin waɗanda ake sawa ƙarƙashin notin kan inji don kada su lotsa. Niyyata in kira wani dattijon bakanike daga Ambursa. Mijina Kalilu ya ce, "Yaya na gari, a kira bare? Mi mutane za su ce?"

Hodi ya zo da hantsi, tsofaffin magoya bayansa na biye da shi kamar za a shiga fage. Ni ina tsaye bayan zana, tunda yayan miji ba a tsaya masa gaba da gaba. Ya ɗauki washa ɗaya, ya juya ta, ya wurgar cikin ɓuntu, ya bi ta da sauran.

"Wanga ƙarhe ba ya jin magana," in ji shi. "Ni na hi son wanda in na matsa, in ji ya ba da kai."

Ya zaro langalanga daga buhunsa, ya yayyanka, ya huda da ƙusa. Waɗannan su ne washarsa. Sannan ya kama noti guda ya murɗe shi har ƙarshe, sauran na nan sako-sako.

Na kasa daurewa. Na ce, "Yaya, ku yi haƙuri. Baba kan bi su kaɗan-kaɗan ne, wannan kusurwa sai waccan. In inji ya yi zafi ya huce, ya sake bi."

"Allah ya jiƙan Malam," in ji Hodi, bai ko waiwayo ba. "Ai shi hannu nai na alƙalami ne. Matar ƙane, koma ki duba tukunya."

Aka yi dariya. Har da Kalilu.

Inji ya tashi, aka yi ta kabbara. Bai cika mako ba langalangar ta baje kamar ƙuli-ƙulin da aka taka, notuna suka saki, hayaƙi ya dawo. Na roƙi Kalilu ya tono washata daga ɓuntu. Ya ce raini ne a nuna wa Yaya aikinsa. Raini! Injin da ubana ya riƙe tun kafin a haife ni, ga buhunan mutane jingine a zaure, shi raini yake ji.

Karo na biyu Hodi da bututun ƙarfe ya zo, tsawonsa ya kai tabarya. Ya zura wa sifana, ya tuɓe riga, ya tofa yawu a hannu. Wani tsoho ya fara yi masa kirarinsa na da. Hodi ya ja, ya ja, da ya ga ta tsaya sai ya hau bututun da ƙafa biyu ya yi tsalle.

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙas, shi ke nan. Kan inji ya tsage daga ramin noti har gefe, tsagar da farce zai shiga.

Wallahi na ɗauka za a yi shiru. Sai na ji tsohon nan ya ce, "Kai! Hodi har yanzu da sauranka!" Hodi ya share gumi, ya ce ƙarfen ne ya tsufa, da ma kwanansa ya ƙare, kuma Allah ya rufa asiri da ya fashe a hannun na gida.

Dattijon Ambursa ya zo daga baya, ya duba, ya ce irin wannan ƙarfen ba ya riƙe walda a wurin. An nemi wani kan injin har Sakkwato, babu. Matan da ke kawo mini shinkafa yanzu wani injin suke kaiwa can bakin kasuwa, in mun haɗu su ce, "Ruƙayyatu, ya haƙuri?" kamar an yi mini mutuwa.

Hodi yana nan a rumfarsa, masu injin ban ruwa na kai masa, wai notin da ya ɗaure ba ya kwancewa. Gaskiya ne, sai dai a yanke shi.

Shekaranjiya ya aiko Kalilu, wai tunda kan injin ba shi da sauran amfani, in ba shi ya riƙa ɗaure ragonsa, yana da nauyi. Na ce wa Kalilu ya je ya gaya masa da bakinsa na hana. Har yau bai je ba.