Kwalbar da Jakada Bai Karɓa Ba

Har yau ban manta da ranar da Jakada ya ƙi karɓar kyauta a gabana, aka kuma rabu ana godiya ba. A bazarar 2013 ne, ina jami'in karɓar baƙi a ofishin jakadancinmu na Alƙahira. Ga wanda bai san aikin ba, mu ke tsara inda kowa zai zauna, wanda zai fara magana, da yadda za a yi da kyautar baƙo.

Baƙuwar ranar, Madam Elsa, ita ta jagoranci wata tawagar manoma daga Afirka ta Kudu. Na ɗauko ta daga masauki, cunkoso ya riƙe mu a unguwar Abbasiya, direbanmu Bamisire sai "ma'alish", wato a yi haƙuri, yake ta ce mata. A nan ta nuna mini abin da ta kawo wa Jakada: kwalbar farar giyar inabi, irin wadda ake kira Chardonnay. Ta ce daga 'yar gonar mahaifinta take, a wani kwari mai sanyi kusa da teku, kuma ita ce ta ƙarshe da ya haɗa da hannunsa kafin ya rasu.

Ni Kirista ne, nakan ɗan taɓa, amma Jakada dattijo ne mai riƙo da addini, ko kwalbar ba ya ɗauka. Da muka isa na zaunar da ita a falo, na shiga na yi masa bayani.

"Ranka ya daɗe, yadda aka saba, ni zan karɓa a madadinka, a kai sito, shi ke nan."

Ya ce, "Sannan zafin garin nan ya lalata ta, ita kuma ta koma gida tana zaton na sha? A'a, Istifanus. Shigo da ita."

Da ta miƙo kwalbar, sai ya dafa ƙirjinsa. "Madam, addinina bai ba ni damar karɓar wannan ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ki zauna ki ba ni labarin gonar."

Fuskarta ta canza. Na ce a raina ziyarar nan ta lalace. Ta fara magana kamar dole: hazon teku kan wuni a kwarin har hantsi, inabin ba ya nuna da wuri, shi ya sa tsaminsa ba ya gudu. Mahaifinta kan bi shukar layi-layi yana ɗanɗanawa, ba a tsinka sai bakinsa ya yarda. Jakada ya ce shi a tsaunin Mambila ya tashi, ya san sanyin da ke sa shuka nawa. Ya tambaye ta yadda suke fama da raɓa da tsuntsaye, da wanda ke riƙe da gonar yanzu. Can sai ga ta tana dariya, tana share hawaye. Bayan haka aka shiga maganar da ta kawo su, komai ya tafi sumul.

Wajen sallama ya ce mata, "Ki buɗe ta tare da waɗanda za su gane aikin mahaifinki."

Washegari da rana ta gayyace ni cin abinci tare da tawagarta, ta buɗe kwalbar. Na sha giya a liyafa iri-iri, ban taɓa jin irinta ba. Ƙamshin tuffa da lemun tsami ke fara isa hanci, sai wani tsami mai tsabta, daga ƙarshe ɗan maiƙo kamar man shanu ya zauna a harshe.

Madam Elsa ta dube ni ta ce, "Jakadanku bai sha ko ɗigo ba, amma duk tafiyar nan shi kaɗai ya tambaye ni yadda Baba yake aikinsa."

Ku da kuke shigowa aikin nan, za a koya muku dabarun kauce wa cewa a'a. Ni ranar na gane baƙo yana iya ɗaukar a'a, muddin an zauna an saurare shi. Tun daga nan ban ƙara kai kyautar kowa sito a ɓoye ba.